Lambar duwan da wuƙar likita: yadda ake kasa kayan fiɗa a bakin iyaka

Kusan duk almakashi da allura da wuƙar da likita yake riƙewa a ɗakin fiɗa, ko a Yamai ko a Maraɗi ko a Damagaram, daga ƙasashen waje ake kawo su. Kafin su kai hannunsa sai sun bi ta hannun ma'aikacin duwan, wanda zai ba kowane kaya lambarsa. Wannan lamba ita ce ke faɗin kuɗin fiton da za a biya, ita ce kuma sau da yawa ke sa kaya su fita da wuri ko su yi makonni a ajiye. Saboda haka maganar ta shafi majinyaci kamar yadda ta shafi baitulmali.

Ma'aikatan duwan ba da ka suke ba da lamba ba. Akwai babban kundi na Ƙungiyar Duwan ta Duniya, mai mazauni a Burusel, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu 1988. Kundin ya kasa hajojin duniya babi babi, ya ba kowace iri lamba mai alƙaluma 6. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun ƙara 4 a kai, suka zama 10. A shekarar 2000 ƙasashen UEMOA suka ɗauki kuɗin fito na bai ɗaya mai hawa huɗu: sifiri, da kashi 5, da 10, da 20 cikin 100. A 2015 aka ƙara hawa na biyar mai kashi 35, lokacin da CEDEAO ta shimfiɗa nata tsarin. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa lambobin kundin duniya ba, domin da su ake ciniki ko'ina.

Kayan aikin likita da na fiɗa suna da gidansu a babi na 90, ƙarƙashin lamba 90.18. Nan sirinji yake, da allurar ɗinki, da wuƙar fiɗa, da hantsaki. Sai dai ɗakin fiɗa bai taru wuri guda cikin kundin ba. Zaren ɗinke rauni yana 30.06, tare da kayan magani. Auduga da bandeji suna 30.05. Safar hannu ta roba tana 40.15, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki tana 84.19, gadon fiɗa kuma yana 94.02, cikin babin kujeru da gadaje. Ke nan akwati guda da asibiti ya yi oda zai iya ƙunsar kaya masu lambobi shida ko bakwai, kowace da nata hukunci.

Almakashi ya isa misali. Na tela da na gida suna 82.13, cikin babin wuƙaƙe da cokula. Na likita yana 90.18. Ga wanda bai saba ba, duka ƙarfe ne mai baki biyu. Abin da ke raba su shi ne ƙira: lanƙwasar baki, dakushewar tsini don kada ya huda nama, da irin ƙarfen da ke jure dafuwa kullum. Idan takardar mai sayarwa ta ce "almakashi" kawai, ma'aikacin duwan yana da hujjar kai shi babi na 82. Bambancin hawa kuwa ba ƙarami ba ne. A kan kayan sefa miliyan 10, kashi 5 jaka 500 ne, kashi 20 kuma miliyan 2. Wannan rata ɗan kasuwa ba ya haɗiye ta. Yana ɗora ta kan asibiti, asibiti kuma ya ɗora wa mai jinya ko gwamnati. Tun 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, don haka duk tamma da ta ƙaru kan kayan aikin, daga aljihun ƙasa za ta fito.

Ba daidai ba ne a ɗora wa duwan laifi duka. Inda aka sauƙaƙa wa kayan lafiya, nan mai son zamba yake neman mafaka: ya kawo almakashin kasuwa ko safar wanke-wanke, ya rubuta musu sunan kayan likita. Ma'aikacin da ya buɗe akwati ya duba, aikinsa yake yi. Illar ita ce lokacin da gardama ke ci. Nijar ba ta da bakin teku, kuma bayan rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma shigowa ta tashar Lome, su ratso Burkina Faso. Kayan da suka sha wannan doguwar hanya, bai kamata su ƙara kwana a Yamai saboda saɓani kan alƙaluma ba.

Maganin yana cikin yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2015, ta farko cikin ƙasashe mafi ƙarancin tattalin arziki. Sashe na 3 ya tanadi cewa mai shigo da kaya zai iya neman hukuncin duwan a rubuce tun kayan ba su taso ba, hukuncin kuma ya ɗaure ofishin da za su bi. Ya rage ga ƴan kasuwa da masu yi wa asibitoci oda su nemi wannan takarda, su kuma sa masu sayarwa su bayyana kowane kaya filla-filla, da hoto da amfaninsa. Ya rage ga ma'aikatar lafiya da hukumar duwan su zauna tare su fitar da jerin kayan fiɗa da lambobinsu, a raba wa ofisoshin Gaya da Konni da Ɗan Isa da Torodi, domin almakashi guda ya samu lamba guda ko ta wace ƙofa ya shigo.