Wace na'ura ce za ta raba intanet a shagunan Kaduna?

Tun bayan da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025, masu shagunan intanet a wurare irin su Unguwar Boro, da ke kudancin birnin Kaduna, suka shiga wani sabon lissafi.

A irin waɗannan shaguna ɗalibai kan duba sakamakon jarrabawa, masu neman aiki kuma su cike takardu. Dukkansu layi guda suke amfani da shi, kuma ƙaramar na'urar nan da ake kira rauta ce ke yanke hukuncin wanda zai samu da wanda zai jira.

Idan shago na da layin megabit 20, kallon bidiyo mai kyawun hoto kan ci kusan megabit 5. Ke nan mutane huɗu kacal sun isa su cinye layin, su bar mai cike takarda yana kallon allo har lokacinsa ya ƙare.

Araha ba ta ado

Akasarin na'urori masu sauƙin kuɗi an ƙera su ne domin gida, inda masu amfani ba su da yawa. Suna watsa intanet, amma ba su da ƙwarewa wajen ƙayyade rabon kowa.

Wannan ne ya sa na'urorin MikroTik, wani kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, suka yi farin jini wurin masu ƙananan cibiyoyi. Manhajarsu na ba da damar sa wa kowane mutum iyaka, da sayar da tikitin awa guda ko na yini, da fifita aiki mai muhimmanci a kan saukar da fina-finai.

Sai dai a nan ne masu saye da dama kan yi kuskure. Gudun da aka rubuta a jikin kwali na lokacin da na'urar ke miƙa saƙo ne kawai ba tare da tantancewa ba. Da zarar an ɗora mata aikin rabo, nauyin kan koma kan ƙwaƙwalwarta, kuma ƙaramar na'ura na iya gaza kai rabin abin da aka yi alƙawari. Tsawon eriya, wanda shi ne ya fi ɗaukar idon mai saye, ba ya magance wannan ko kaɗan.

Ga kuma batun saiti. MikroTik na buƙatar wanda ya san kanta, kuma kuɗin ma'aikacin wani ɓangare ne na farashin. A 2018 masu kutse sun shiga dubban na'urorin kamfanin a faɗin duniya, galibi waɗanda ba a sabunta manhajarsu ba.

Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ƙara tsadar kayan, domin daga waje ake shigo da su. Wutar lantarki ma abin dubawa ce, kodayake rauta ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir kan riƙe ta na sa'o'i.

Layi biyu

Isowar Starlink Najeriya a watan Janairun 2023 ta kawo gudun da masu shagunan zamanin tauraron ɗan'adam na VSAT ba su taɓa gani ba. Amma rautar da ke zuwa da shi ba ta ƙayyade rabon kowane mutum, don haka sai an haɗa ta da wata.

Abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, ya ƙara wa muhawarar wani sashe. A ranar ce wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, da suka haɗa da MainOne da WACS, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya na tsawon kwanaki.

Rautar da ke karɓar layi biyu na iya komawa kan ɗaya da kanta idan ɗayan ya tsaya. Amma hakan zai yi amfani ne kawai idan layukan ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma biyan kuɗin layi biyu a kowane wata ya fi ƙarfin ƙananan shaguna da yawa.