Cinikin Biri a Sama: Tallan Gidaje da Filaye ta Wayar Hannu a Samaru da Sabon Gari

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san cewa, in an ɗebe kuɗin makaranta, babu abin da ya fi tayar wa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci hankali kamar wurin kwana. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 jama'a ke ta kwararowa, ɗakunan kwanan da ke cikin jami'a kuwa ba su isa ɗaukar kowa da kowa ba. Wannan ne ya sa gari ya yi ta miƙewa, har Hayin Dogo da Zango da Palladan da Hanwa suka cika da gidajen haya. Sabon Gari ma haka abin yake tun asali, domin gari ne na baƙi wanda ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a wajen 1911, baƙo kuwa kafin ya zama mai gida sai ya zama ɗan haya. Ke nan dillancin gida tsohuwar sana'a ce a wannan yanki namu.

Sabon abu shi ne hanyar da dillali ke bi ya sadu da mai nema. Daga shigowar wayar hannu a 2001 zuwa yau, talla ta tashi daga bakin tasha da gindin bishiya ta koma Facebook da WhatsApp da TikTok. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa waya ta gaji aikin sanƙira, amma har yanzu ba ta gaji aikin shaida ba, kuma babban abin da zai cike wannan giɓi shi ne irin harshen da ake yin tallar da shi.

Jarin dillalin da

Kafin mu yanke wa sabon abu hukunci, ya kamata mu tuna yadda tsohon yake. Dillalin da ba shi da ofis, sau da yawa ma ba shi da ko sisi na kansa a cikin cinikin. Jarinsa fuskarsa ce. An san gidan ubansa, an san inda yake zama da la'asar, mai unguwa ya san shi. In zai sayar da fili sai ya kai mai saye wurin da ƙafarsa, a kira maƙwabta na gabas da na yamma su nuna iyaka, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, sa'an nan a rubuta takardar ciniki mai unguwa ya sa hannu. Daga nan ne dillali zai karɓi la'adarsa.

Ba ina cewa dillalan da duka waliyyai ne ba. An yi masu sayar da fegi guda ga mutum biyu tun kafin a san intanet. Amma mai yin haka ya san gobe zai haɗu da wanda ya cuta a kasuwa ko a wurin jana'iza, kuma ya san ranar da sunansa ya ɓaci ita ce ranar da sana'arsa ta mutu. Wannan tsoron, tare da idon jama'a, shi ya riƙe sana'ar shekara da shekaru.

Alherin da waya ta kawo

Rashin adalci ne a musa amfanin sabuwar hanyar. Ɗalibin da ya sami gurbin karatu yana can Yola ko Ilori, a da sai ya zo ya kwana uku yana yawo layi-layi a Samaru, ya biya kuɗin mota da na masauki, kafin ya sami ɗaki. Yanzu yana zaune a gidansu zai ga ɗakuna goma, ya kwatanta kuɗinsu. Matar aure da ke da ɗan abin hannunta tana iya bin farashin filaye a Basawa ko Dogarawa ba tare da ta ratsa taron maza ba. Mai gida da ke da ciki da falo babu kowa ba ya bukatar ya jira wata uku kafin labari ya kai ga mai so. Samari da yawa kuma, cikinsu har da waɗanda muke aji ɗaya da su, sun sami abin yi na halal da 'yar wayarsu. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, babu mai hankalin da zai ce a koma gindin bishiya.

Sai dai kuma abin da ya sa hanyar ta yi sauƙi shi ne ya sa ta yi haɗari. Kowa na iya buɗe shafi da sunan da ya ga dama, ya kwafi hoton gidan da bai taɓa shiga ba, ya ce a turo kuɗin duba ɗaki ko rabin kuɗin haya don kada wani ya riga. In kuɗi sun shiga sai lambar ta daina shiga. Dillalin gaskiya da ɗan damfara yanzu a allo ɗaya suke bayyana, da harafi iri ɗaya, mai nema kuwa ba shi da fuskar da zai duba.

Kirari da siffantawa

A nan ne maganar ta shafe mu, mu masu nazarin harshe. Talla a al'adar Bahaushe 'yar'uwar kirari ce. Mai tallan goro ko fura yana da damar ya zuga kayansa, ya kai su inda ba su kai ba, kuma babu wanda zai kira shi maƙaryaci, domin kayan suna gaban mai saye, zai duba, zai ɗanɗana, in bai gamsu ba ya wuce. Kowa ya san zugar ado ce kurum, ido ne alƙali.

Abin da ya faru shi ne dillalan waya sun ɗauko wannan harshe na zuga sun ɗora shi a kan kayan da ba sa gaban mai saye. Duba kowane dandali za ka ga kalmomin: gida na alfarma, unguwar manya, ruwa da wuta ba yankewa, taku kaɗan zuwa ƙofar jami'a, dama ce da ba ta dawowa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya aunuwa. Taku kaɗan na iya zama tafiyar rabin sa'a a ƙasa, ko kuɗin acaba kullum safe da yamma. Ruwa ba yankewa na iya zama rijiyar da ke ƙafewa da bazara, a koma ga 'yan garuwa. Hoton bidiyo kuma shi ma yana da nasa kirarin: a ɗauke shi da rani, a nuna sabon fenti da tayil, a ƙi juya wayar wajen kwatar da ke bayan taga. Wanda ya san gidajen da ke kwarin Kubanni ya san cewa gidan da ka gani a watan Janairu daban yake da wanda za ka tarar a watan Agusta.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a ƙasar nan, sun daɗe da yin magana a kan sayar da abin da ba ya nan. Sun halatta shi, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, amma bisa siffantawa, watau a faɗi abin yadda yake ta yadda mai saye zai zama kamar ya gani. Sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Wannan ƙa'ida ta dace da zamaninmu ƙwarai da gaske. Tallan gida a waya sayar da abin da ba ya nan ne, saboda haka harshen da ya dace da shi harshen shaida ne a gaban alƙali. Harshen maroƙi yana da wurinsa a biki.

Abin da hoto ba ya nunawa

In aibin ɗakin haya na iya cin kuɗin shekara guda, aibin fili na iya cin gumin mutum na rayuwarsa duka, kuma irin aibin da kyamara ba ta ɗauka ne. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke saye shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda ke riƙe da takardar mallaka ta gwamna kuwa ba ya da ikon mayar da ita ga wani sai da yardar gwamnan. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa bisa dokar 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye, izinin gini kuma yana hannun KASUPDA. Duk da haka za ka ga talla goma ba ka ga wadda ta faɗi irin takardar da filin ke da ita ba, sai dai a ce takardu lafiya lau. Wace takarda? Ta mai unguwa, ko ta ƙaramar hukuma, ko ta gwamna? Tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

Mutanen Zariya ba sa bukatar a ba su labarin abin da rikicin fili ke jawowa. A 2021 an rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland, hukuma tana cewa filin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, masu gidajen kuwa suna musawa. Ba nufina in yanke hukunci tsakaninsu ba. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, gida na iya zama ginanne, mutane na ciki shekara da shekaru, amma maganar ƙasar da yake kai ba ta mutu ba. Haka kuma gidan gado: ɗaya daga cikin magada na iya sa shi a kasuwa sauran ba su sani ba. Shi ya sa muke ganin an rubuta a bangon wasu gidaje a Sabon Gari cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Mai wucewa ta layin zai karanta, amma mai kallo a waya ba zai gani ba, tun da mai ɗaukar hoton ya san gefen da zai tsaya.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce, ai laifin mai saye ne, wa ya aike shi ya tura kuɗi bai gani ba? Lalle gani ya kori ji, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗin fili bai taka shi ba. Amma mu tuna su wa ke faɗawa cikin wannan rami: yaro sabon shiga wanda bai san kowa a Zariya ba, ga rajista ta matso, da ma'aikacin da ke nesa yana tara kuɗi don ya sami inda zai sa kansa in ya yi ritaya. Matsuwa ce ta kai su, kuma sana'ar da ke cin abinci daga matsuwar baƙo ba za ta yi albarka ba.

Wani kuma zai ce akwai doka. Gaskiya ne akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, kuma tun ƙarshen 2020 aka umarci a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa. Sai dai ɗalibin da aka cinye wa kuɗin haya ba shi da lokaci ko halin zaryar kotu. Rigakafi ya fi masa magani.

Na uku, dillali zai ce in ya faɗi aibin gida ba zai sayar ba. A ganina lissafin nan gajere ne. Samaru gari ne da ke karɓar sababbin ɗalibai kowace shekara, kuma kowane sabo tsoho yake tambaya. Dandalin da ke yaɗa talla cikin minti guda shi ne kuma ke yaɗa labarin wanda aka cuta. Dillalin da aka san in ya ce akwai rijiya to akwai, ya mayar da jarin nan na fuska da kakanninsa suka yi sana'a da shi, har ma ya fi su, domin sunansa zai kai inda ƙafarsu ba ta kai ba.

Kammalawa

Saboda haka ina ba dillalanmu shawara su mayar da tallarsu shaida. Mai talla ya sa sunansa na gaskiya da inda ake samunsa a gari. Ya faɗi unguwa da layi, da girman fili da ƙafa, ko hamsin da hamsin ne ko hamsin da ɗari. Ya faɗi irin takardar da sunanta, da ranar da ya ɗauki hoton, da kuɗin haya da la'ada kowanne daban. In rijiyar tana ƙafewa ya ce tana ƙafewa. Ƙungiyoyin dillalai na Samaru da Sabon Gari kuma su riƙa ba 'ya'yansu shaida, su ajiye sunayensu a wurin masu unguwanni, inda baƙo zai iya tambaya. Mai saye shi ma kada ya ba da ko kwabo sai shi ko wakilinsa ya taka wurin, ya gaisa da maƙwabta, in fili ne kuma ya bincika rajistarsa a hukuma.

Mu ma a wannan sashe muna da namu rabon aikin. Yawancin takardun ƙasa da Ingilishi suke, masu saye da yawa kuwa da Hausa suke tunani, a tsakanin harsunan biyu ne ake yi musu sakiyar da ba ruwa. Zai yi kyau malamanmu su sa ɗaliban ajin ƙarshe su tattara tallace-tallacen nan su nazarci kalmominsu, a kuma tsara wa jama'a ɗan jerin sunayen takardun fili da ma'anar kowacce cikin Hausa mai sauƙi. Kakanninmu sun hana cinikin biri a sama tun ba a san waya ba. Waya ta iya nuna mana birin da kyau, har mu ƙirga gashinsa, amma yana nan a kan bishiya sai an sauko da shi.