A Duba Kafin A Biya: Shawara Ga Mai Sayen Kwamfutar Koyon Tsaro

Kwanan baya wani malamin firamare, abokin aikina tun muna samari, ya zo ya same ni a ofis da kwamfutar tafi-da-gidanka cikin jaka. Ɗansa ne ya shiga koyon ilmin tsaron kwamfuta, watau ilmin kare na'urorin ofisoshi da bankuna daga ɓarayin da ke shigowa ta intanet. Malam ya kwashi adashi, uwar yaron ta sayar da tunkiya, aka haɗa aka sayo masa sabuwa fil, siririya, sai ƙyalli ta ke yi. Amma yaro ya ce ba ta yi masa aikin da aka sa su. Da muka duba sai muka tarar ram ɗinta giga 4 ne tak, an kuwa liƙe shi da dalma a jikinta, babu wurin ƙari. Mai kanti kuma ya ce abin da aka saya ba ya komawa. Wannan hasara ita ta sa na ga ya wajaba in yi wa malamai da akawuna wannan bayani, don na san da yawa daga cikinku wannan ciniki ya na gabanku, ko don kanku ko don 'ya'yanku.

Da farko sai mu san irin aikin da za a ɗora wa na'urar. Mai koyon tsaro tilas ya san yadda ɓarawo ke fasa gida kafin ya iya tsare shi. To, gidan wa zai gwada fasawa? Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 2015 aka yi mata gyara cikin 2024, ta hana shiga kwamfutar wani ba da izni ba. Dabarar da malaman wannan fanni su ka bi ita ce a gina waɗansu kwamfutoci na kwaikwayo cikin kwamfuta guda. Akwai manhajoji don haka, kamar VirtualBox, wadda kyauta a ke samunta, da VMware Workstation, wadda ita ma aka mai da ita kyauta cikin 2024. Kwamfutar da ka saya ita ce mai masauki, waɗanda aka gina cikinta su ne baƙi. Yaro ya kan sa baƙuwa ɗaya ta kai wa ɗaya hari, in abu ya ɓaci ya share ya sake, ba wanda ya cutu. Sabo da haka in ka je saye, ka sani masauki za ka saya wa kwamfuta uku ko huɗu, sai ka auna ko zai ɗauke su.

Abin da za a fara tambaya shi ne ram. Akawu zai gane wannan nan da nan. Ram shi ne teburin aiki, ma'ajiyar kwamfuta kuwa ita ce kabad na fayil. Kome girman kabad, in tebur ƙarami ne, fayil ɗaya kaɗai za ka iya buɗewa, in ka so na biyu sai ka rufe na fari. Bari mu yi lissafi. Windows 11 da ke riƙe da gidan ba ta zama da abin da ya kasa giga 4. Kali Linux, wadda aka fitar cikin 2013 kuma a cikinta aka tara kayan gwajin tsaro, ta na bukatar giga 2 a ƙalla, amma sai da 4 ta ke sakewa. Baƙuwar Windows da za a gwada a kanta ita ma 4. Ga kuma Metasploitable, wadda da gangan aka gina ta da kafofi don ɗalibai su koyi gano su, ta na cin rabin giga. Jimla 12 da rabi ke nan, ba a ma buɗe littafin darasi ba. To, ina giga 8 za ta kai, balle 4? Ni a ganina 16 ita ce ƙofar shiga. Wanda bai iya kai nan ba, ya sayi mai 8 wadda ke da gurbin ƙari, in an yi albashi ya cika.

Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, wadda 'yan kasuwa ke kira firosesa. A nan a ke yawan ruɗin mutane da suna. Mai kanti ya ce maka i7 ce, kai kuwa ka ji lamba ta fi 5, sai ka saki jiki. Alhali kuwa i7-7500U hannu biyu gare ta na aiki, i5-8250U da ta biyo bayanta cikin 2017 ta na da huɗu, kowace baƙuwa kuwa ta na neman a ba ta hannu ɗaya ko biyu. Lambar da ke bin ɗan layin nan ita ke nuna zubin da aka yi ta, 7 zubi na bakwai, 8 na takwas. Kada a sauka ƙasa da na takwas, gama daga nan Microsoft ta fara yarda da ɗora Windows 11 bisa yawancin na'urorin Intel, ta kuwa janye hannunta daga kula da Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Abin kunya ne mai koyon tsaro ya zauna cikin gidan da aka daina gyara masa ƙofa. Har wa yau a tabbata ƙwaƙwalwar ta na da ikon ɗaukar baƙi, wanda Intel ke kira VT-x, AMD kuma AMD-V. Galibin na yanzu su na da shi, sai dai wani lokaci a kashe ya ke, sai an shiga saitin farko na na'urar an kunna.

Na uku ma'ajiya. A nemi irin wadda a ke kira es-es-di, a bar tsohon faifai mai juyawa, don baƙi uku in su ka taru kansa sai aiki ya koma tafiyar hawainiya. Windows 11 ta na neman wuri giga 64, Kali wajen 20, ga kuma hotunan da ɗalibi ke ɗauka na kowace baƙuwa don ya koma baya in ya yi ɓarna. Mai 256 kan cika tun shekara ba ta raba ba, mai 512 ta fi kwanciyar rai.

Akwai kuma abubuwan da ba su cancanci kuɗinku ba. Samari su na son kwamfutar wasanni mai fitilu kala-kala da babban katin hoto. Katin nan ya na da amfani wajen gwajin fasa kalmomin sirri, amma wannan loko ɗaya ne cikin ilmi mai faɗi, ga tsada, ga zafi, ga shan batir kamar raƙumi ya sami rijiya. Hakanan kwamfutocin Apple da su ka fara fitowa da ƙwaƙwalwar M1 cikin 2020. Nagartattu ne ƙwarai, ba mai musu, amma ginin ƙwaƙwalwarsu dabam ne da na Intel da AMD, yawancin baƙin da a ke rabawa don darasi kuwa don waɗannan biyu aka shirya su, ram ɗinsu kuma ba ya ƙaruwa. Wanda ya ƙware ya san hanyar kewaye wannan, sabon shiga kuwa wahala zai sha a banza. Gara a rage 'yan kuɗi don sayen ɗan makamin waya-fai na sokawa a gefe, gama baƙuwa ba ta ganin wanda ke cikin na'urar kai tsaye.

Na san wani zai ce, Malam, ka yi ta lissafin giga, ka manta da lissafin albashi. Ban manta ba. Shi ya sa na ke ganin tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙwari, irin wadda kamfanonin Turai da Amurka ke sallama bayan 'yan shekaru, ta fi sabuwa mai araha. ThinkPad T480 ta 2018, alal misali, gurbin ram biyu gare ta, a na kwance bayanta da sukundireba, a sake mata batir, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankarta. Irinta ba su wuyar samu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da kantunan Kano da Kaduna. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Amma kayan hannu sai da ido, gani ya kori ji. Kada ka biya sai an kunna a gabanka. A buɗe Task Manager ka ga yawan ram da lambar ƙwaƙwalwa da idonka, nan ne kuma za ka ga ko ikon ɗaukar baƙi a kunne ya ke. A shiga saitin farko ka tabbata tsohon mai ita bai bar shi a kulle da kalmar sirri ba. A zare caja ka ga yadda batir ke sauka, gama kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Ka taɓa kowane harafi, ka gwada kowace kafa, ka sa a rubuta maka rasit da sharaɗin mayarwa. In ba ka iya dubawa ba, ka tafi da wanda ya iya, ko da za ka biya masa kuɗin mota.

Wani kuma zai ce ai akwai wuraren gwaji a intanet, mai ƙaramar na'ura ma ya na iya koyo. Gaskiya ne, su na da amfani, sai dai su na cin data, kuma ran da layi ya ɗauke darasi ya tsaya. Baƙin da ke cikin jakarka kuwa ko a ƙauye su na nan tare da kai.

Malamin nan abokina daga bisani ya sayar da sabuwar da hasara, ya sake shiga wani adashi. Ina roƙon shugabannin makarantun da ke koyar da wannan ilmi su riƙa rubuta wa iyaye abin da a ke bukata filla-filla, a haɗa da takardar ɗaukar yaro, tun kuɗi ba su bar aljihu ba. Ku kuma malamai da akawuna, ku rubuta waɗannan lambobi uku a takarda ku tafi da ita kasuwa: ram 16, zubi na 8 ko sama, es-es-di 512. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya sa mu dace, amin.