Riga Biyu A Lokacin Hunturu

Mu da a ka aika gwajin koyarwa wajen Ɗankaza, cikin ƙasar Wudil, mun komo da wata magana wadda mu ke so mu sa gaban 'yan'uwanmu da malamanmu, ko da ya ke waɗansu za su ce ba ta isa a ɓata mata takarda ba. Maganar riga ce.

Kowa ya san halin hunturu a ƙasar Kano. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Sahara, ta busar da kome. Da rana a yi zafi, amma da asuba cikin Janairu ma'aunin zafi ya kan sauko wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Da sanyin nan yaro ɗan shekara 6 ya ke fitowa da riga guda shara-shara, ya tsaya layi a filin makaranta, yana rawar ɗari, leɓɓansa sun tsage. In kuwa uwarsa ta ɗora masa tsohuwar rigar wansa, sai wani malami ya ce ya tuɓe, wai ba kayan makaranta ba ne. Mun ga an yi haka a wata makaranta, kunya ta hana mu magana, don mu baƙi ne.

To, lalle wannan kuskure ne. Jikin yaro ya fi na babba saurin zubar da ɗumi, gama fatarsa tana da yawa in an gwada da nauyinsa, ga shi kuma ba kitse sosai. Gaskiya ne sanyi ba shi ne ƙwayar cuta ba, amma busasshiyar iska da ƙura su kan raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma su cunkushe ɗaki guda a rufe, sa'an nan ƙwayoyin su sami hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa cikin 2019 ciwon huhu, watau nimoniya, ya kashe yara fiye da 740,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. An fara allurar riga-kafinsa a Nijeriya cikin 2014, amma allura ba ta ɗauke wa malami nasa aikin ba.

Abin da mu ke so a koya wa yaro ba shi da wuya. A nuna masa kaza da sassafe, yadda ta ke kumbura gashinta. Iskar da ta tsare tsakanin gashin ita ce bargonta. Haka riga biyu marasa kauri su ke, iskar da ke tsakaninsu tana riƙe ɗumi. Sabo da haka ya sa tsohuwa daga ciki, ta makaranta daga waje, ga hula, ga takalmi, ya shafa man kaɗanya a ƙafa da baki sabo da faso. Da hantsi ya yi, ya tuɓe guda ya ninke, kada ya jiƙe da gumi iska ta buge shi. Yaron da ya iya wannan da hannunsa ya kan koma gida ya yi wa ƙanensa. Wanda ya ce iyayen ƙauye ba su da kuɗin rigar ulu, sai mu ce ba mu nemi a sayi kome ba.

Akwai dattawa masu cewa sanyi shi ke ƙarfafa yaro, su ma haka su ka tashi. Muna girmama su, amma waɗanda su ka rayu kaɗai ke ba da wannan labari.

Sai maganar wuta. Kaskon gawayi cikin ɗaki rufe yana fid da wata iska mai guba, ba wari ba launi, mutum ya kwanta barci ya zarce. A gaya wa yara a bar kafar iska, a kuma fitar da kasko kafin a kwanta. Su kuma ja da baya in suna jin wuta, musamman masu rigar leda, don ta kan narke ta manne wa fata.

Manyan aji kuwa, a sa musu ƙirgan numfashi cikin lissafi. Jariri daga wata 2 zuwa shekara guda, in yana tari, numfashinsa ya kai 50 cikin minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko a ga ƙasan ƙirjinsa yana loɓawa, asibiti za a nufa ran nan, ba gobe ba.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu shi ne, cikin watannin nan uku a gajarta tsayuwar safe ko a mai da ita hantsi, a kuma ƙyale kowane yaro ya shiga aji da abin da uwarsa ta sa masa.