Ra'ayinmu: A Daina Jingar Gyaran Gida Da Fatar Baki

Duk shekara da zarar sanyi ya ja da baya a ƙasar nan ta Birtaniya, sai ka ga manyan kwandunan zuba ɓaraguzai sun bayyana a ƙofar gidaje, tun daga Landan har zuwa Birmingham da Manchester, alamar lokacin gyare-gyare ya kama ke nan. Jama'armu ma ba a bar su a baya ba, musamman waɗanda Allah ya hore wa suka mallaki muhalli bayan sun shafe shekaru suna biyan haya. Wani zai sake kicin, wani zai faɗaɗa falo saboda iyali sun ƙaru, wani kuma zai mayar da saman silin ɗakin kwana. Kafin sanyi ya dawo kuwa, koke-koke sun cika kunnuwan limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu.

Labarin kusan iri ɗaya ne. A wajen suna ko bayan an idar da sallar Juma'a wani zai ce ya san wani ɗan-uwa mai aiki da sauƙi. Ɗan-uwan zai zo ya zagaya gida, ya yanka kuɗin da bai wuce rabin abin da sauran suka nema ba, ya ce a ba shi rabi a hannu ya sayo kaya. Zai zo kwana uku da yaransa, su fasa bango, su cire famfo da murhu, daga nan sai uzuri ya fara: yau mota ta lalace, gobe kaya ba su iso ba, jibi an yi rasuwa a gida. Daga bisani waya ta daina shiga. Sai a bar uwargida tana girki a falo, tana wanke kwanuka a banɗaki, yara na shaƙar ƙurar filasta, maigida kuwa ba shi da ko guntuwar takarda da ke nuna ya ba wani ko kwabo.

Babu shakka akwai giɓi a dokar ƙasar nan. Mutane da dama sun ɗauka cewa tunda ƙasar Turawa ce, ba wanda zai kira kansa magini sai da lasisi. Ba haka abin yake ba. Duk wanda ya mallaki mota da tsani zai iya buga kati gobe ya ce shi ɗan kwangilar gyaran gida ne, kuma bai karya doka ba. Ƙungiyar magina ta Federation of Master Builders ta daɗe tana kira da a kafa dokar lasisi, amma har yanzu ba a kai ga hakan ba. Muna goyon bayan wannan kira. Sai dai mun san ba a wannan daminar za a yi ba, kuma a ganinmu rabin asarar da mutanenmu ke tafkawa ba daga giɓin doka take zuwa ba. Daga kunya take zuwa.

Bahaushe yana jin nauyin ya ce wa wanda suke sahu ɗaya a masallaci ya rubuta masa takarda, don gani yake kamar ya kira shi ɓarawo ne. A gida wannan kara tana da madogara. Idan ka yi jinga da birkila a Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi, ka san gidan ubansa, ka san wanda ya koya masa sana'a, akwai mai unguwa, akwai sarkin magina, kuma mutum ba ya iya gudun sunansa. A nan kuwa, wanda ya karɓi kuɗinka a Landan zai sauya lambar waya ya koma Leeds cikin yini ɗaya, ya sami wata jama'ar da ba ta san shi ba. Mun ɗauko jingar baki mun zo da ita, amma mun baro abubuwan da ke tsare ta a can.

Abin takaici shi ne dokar da ake da ita tana bayan mai gida, in har zai iya kawo hujja. Dokar haƙƙin masu saye ta shekarar 2015 ta wajabta wa duk mai aiki ya yi shi da ƙwarewa da kulawar da ta dace. Idan ba a yanka lokaci ba, tilas ya gama cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Idan ya ɓata aiki, mai gida na da ikon ya sa shi ya sake ba tare da ƙarin kuɗi ba, in kuma hakan ya gagara a rage farashi, ragin da zai iya kaiwa ga mayar da kuɗin baki ɗaya. Hatta alkawarin baki doka ta san da shi. Matsalar ita ce ranar da aka tsaya gaban alƙali, kai ka ce fam 9,000 kuka yi har da tayil da fenti, shi ya ce fam 9,000 kuɗin hannu ne kawai, to da me alƙali zai raba ku?

Saboda haka takardar da muke magana ba sai lauya ya rubuta ta ba. Shafi biyu sun isa, muddin sun ƙunshi cikakken sunan mai aikin da adireshinsa, da aikin da za a yi ɗaki bayan ɗaki, da wanda zai sayi kaya da irin kayan, da wanda zai kwashe shara, da ranar farawa da ta gamawa, da yadda za a biya. A kuma tabbatar an rubuta cewa tsayayyen farashi ne, domin a ƙasar nan akwai bambanci tsakanin kiyasi, wanda zai iya hawa, da farashin da aka yanke aka amince, wanda ba ya motsi sai an ƙara aiki. Duk ƙarin da ya taso a tsakiyar aiki, a yi maganar kuɗinsa a rubuce kafin a taɓa shi, ko da ta saƙon WhatsApp ne, don kotu na karɓar irin waɗannan saƙonni.

Batun kuɗi shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ba laifi ba ne a ba da ɗan kafin alƙalami, amma wanda ya nemi rabin kuɗi tun bai kafa tsani ba, ko dai ba shi da jari, ko kuma da kuɗinka zai ƙarasa aikin wani da ya bari a baya. A biya kashi-kashi, kowane kashi bayan an ga aikin da ya yi daidai da shi, a kuma riƙe na ƙarshe sai an zagaya an duba komai. Akwai kuma tarkon nan na “ka ba ni a hannu in cire maka haraji”. Harajin VAT kashi 20 cikin 100 ne, don haka tayin yana da daɗin ji. To amma ƙaramin mai sana'a da cinikinsa bai kai fam 90,000 a shekara ba, doka ba ta ma tilasta masa rajistar wannan haraji ba, ke nan sau da yawa rangwamen abin da babu shi ake yi maka, kai kuma ka sarayar da rasit da shaidar banki. Araha dai ba ta ado.

Akwai wata kariya da yawancin mutanenmu ba sa amfana da ita. A ƙarƙashin sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974, idan aikin ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, kuma ka biya wani ɓangare na kuɗin da katin bashi kai tsaye ga mai aikin, ko da kafin alƙalamin ne kawai, kamfanin katin ya zama abokin tarayyarsa a alhaki. Idan ya gudu, sai ka bi banki. Mun san da yawa daga cikin masu karatunmu suna ƙyamar katin bashi saboda kuɗin ruwa, kuma wannan hukunci ne da kowa zai tambayi malaminsa. Abin da za mu iya faɗa shi ne, wanda ya biya kuɗin katin gaba ɗaya kafin wa'adin wata ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya. Wanda bai natsu da haka ba, ya tura ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda, ba na matar mai aikin ko ƙaninsa ba.

Bincike kafin a ba da aiki ba ya cin rabin sa'a. Idan mutum ya ce yana da kamfani, ana duba shi kyauta a rajistar Companies House, a ga yaushe aka kafa shi da kuma kamfanoni nawa mai shi ya buɗe ya rufe. A nemi takardar inshorarsa, a je a ga aikin da ya gama a wani gida, a tambayi masu gidan a bayan idonsa. Masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce sun hango rufinka ya zame kuwa, waɗannan a sallame su tun daga bakin ƙofa, don tsofaffi suka fi farauta. Wanda aka riga aka shawo kansa ya sa hannu a cikin gidansa, a mafi yawan lokuta doka ta ba shi kwana 14 ya janye.

Inda lamarin ya wuce asarar kuɗi ya kai ga rai shi ne gas da lantarki da bango. Tun shekarar 2009 ba wanda doka ta yarda ya yi sana'ar taɓa tukunyar ɗumama gida ko murhun gas sai mai rajista da Gas Safe, kuma kowannensu yana da kati mai hoto wanda bayansa ke nuna irin aikin da aka amince ya yi. Tukunyar da aka haɗa ba daidai ba tana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Haka zalika a Ingila, jan sabon layin wuta ko sauya akwatin fis, da cire bangon da ke ɗauke da nauyin bene, duk sai da sanin masu duba gini. Idan aikin ya shafi bangon da kuka haɗa da maƙwabci, dokar 1996 ta ce a ba shi sanarwar wata biyu a rubuce. Wanda ya ce maka “ba sai an gaya wa kowa ba” ya sani sarai cewa ranar da ƙaramar hukuma ta ba da umarnin a rushe ko a gyara, wasiƙar sunan mai gida za ta ɗauka, kuma ranar sayar da gida lauyan mai saye zai nemi waɗannan takardu. Masu zama a gidajen hukuma ko na haya su ma su nemi izini a rubuce kafin su fasa ko da ƙofa ce.

To idan an riga an shiga rigima fa? A nan ma muna ganin kuskure iri biyu, wani ya yi shiru yana ta kawaici har wata shida, wani kuma ya harzuƙa ya kulle kayan aikin mutum a gareji, ya watsa hotonsa a zaurukan WhatsApp yana kiran sa ɓarawo. Na biyun zai iya mayar da mai gaskiya wanda ake ƙara. Abin yi shi ne a dakatar da biya, a ɗauki hotuna, a rubuta wa mai aikin abin da ya ɓaci dalla-dalla, a ba shi wa'adi ya zo ya gyara, domin alƙali zai tambaya ko an ba shi wannan dama. Idan ya ƙi, a samo wani ƙwararre ya duba ya rubuta abin da gyaran zai ci. A kuma sanar da Citizens Advice, waɗanda ke ba da shawara kyauta suna kuma miƙa rahoto ga jami'an Trading Standards. Adalci ne mu faɗa cewa ba kullum mai aiki ke da laifi ba. Akwai masu gida da ke sauya ra'ayi sau uku a kan tayil ɗaya, akwai kuma waɗanda ake gama musu aiki tsaf su riƙe haƙƙin lebura saboda tabon fenti. Takardar nan su ma masu sana'a na kirki take karewa.

Ba ma adawa da sulhun dattawa, hasali ma ya fi kotu sauri da rufin asiri. Abin da muke adawa da shi shi ne sulhun da ke ƙarewa da “a yi haƙuri a bar wa Allah”, alhali wanda aka cuta kaɗai ake nema ya yi haƙurin, shi kuwa mai cutar ya fita da kuɗi a aljihu ya nufi gidan wani. Sulhu na gaskiya sai an rubuta nawa za a mayar, a wace rana, an sa hannu gaban shaidu. Idan ranar ta wuce, kada kowa ya zargi mai gida don ya rubuta wasiƙar gargaɗi ta kwana 14 ya wuce kotu. A Ingila da Wales ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana bin hanyar ƙananan ƙararraki, wadda ba ta buƙatar lauya, a Scotland kuwa iyakar fam 5,000 ce. Tun watan Mayun 2024 kotu kan fara haɗa ɓangarorin biyu da mai sasantawa ta waya, kyauta, kafin a kai ga alƙali. Doka ta ba da shekara shida a shigar da irin wannan ƙara a Ingila, amma jinkiri na mai laifi ne, domin samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban: idan ya rufe kamfanin ya buɗe wani da sabon suna, sai a bar ka da takardar nasara ba ko fam ɗaya.

A nan ne muke kira ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin Hausawa na garuruwan ƙasar nan. Su ne ake kai wa kuka, saboda haka su suka fi kowa sanin sunayen da ke maimaituwa. Ya kamata kowace ƙungiya ta tanadi samfurin takardar jinga da Hausa da Turanci, ta ajiye inda kowa zai ɗauka, ta yadda neman sa hannu zai zama al'adar jama'a, ba zargin wani ba. Kada a bari a manna tallan mai aikin gas a allon sanarwa sai an ga katinsa. Wanda kuma ya gabatar da mai aiki ya ce ya tsaya masa, a rubuta sunansa a matsayin shaida, kuma a kira shi ya zauna a wajen sulhu ranar da aikin ya tsaya.