Jinkirin Minti Ɗaya Kafin Yanke Cibiyar Bakwaini

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla minti ɗaya kafin a ɗaure cibiyar jariri, har da bakwaini, domin jinin da ya rage a mabiyiya ya gangara jikinsa. Nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2023 ya nuna jinkirin na rage mutuwar bakwaini da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Matakin ba ya cin ko sisi, amma tsoro na hana shi: ganin ƙanƙantar jaririn, ungozoma kan gaggauta yankewa don kai shi teburin farfaɗowa, ko da yana numfashi da kansa. Muddin asibitocin Najeriya ba su matso da kayan taimakon numfashi da na ɗumama jiki gefen gadon uwa ba, da wuya horo kaɗai ya sauya wannan sabo.