Mawaƙin Arewa da zai je karatu waje, ya isa garin kafin ranar buɗe aji

Kwas ɗin kiɗa na ɗan gajeren lokaci da makarantun Turai da Amurka ke shiryawa a hutunsu yakan faɗo tsakanin Yuni da Agusta. A wurinsu lokacin shaƙatawa ne. A Kiyeshe da sauran garuruwan Dallol Mauri, kudu da Dogondutsi, lokacin shukar hatsi ne da noman farko. Saurayin da ya samu gurbi zai bar gona a daidai lokacin da gida ke buƙatar hannunsa, kuma sau da yawa 'yan uwa ne suka haɗa masa kuɗin jirgi. Shi ya sa akasari ake matse tafiyar: a sauka ana gobe za a fara darasi, a juyo washegarin rufewa. Wannan tsimi ne da ke cinye ribar tafiyar.

A da, ɗan Dogondutsi ya fi kallon Faransa, musamman da yake garin na da ƙawance da birnin Orsay na kusa da Paris. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, hanyar ta ƙuntata. A Satumbar shekarar ma'aikatar al'adun Faransa ta umarci cibiyoyinta su dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso, sannan a Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Ido ya koma Maroko. A Essawira, garin da ke bakin tekun Atlantika, ana bikin kiɗan Gnawa tun 1998, kuma daga 2024 kwalejin Berklee ta Boston ta fara gudanar da horo na kusan mako guda a gefen bikin.

Mako guda ba ya jiran kowa. Wanda ya taso daga Kiyeshe zai fara cin kilomita kusan 270 daga Dogondutsi zuwa Yamai, ya hau jirgi zuwa Kasablanka, sannan ya shafe sa'o'i masu yawa a bas kafin ya ga Essawira. Idan ya shiga aji da wannan gajiya, kwana biyun farko za su tafi a neman layin waya, canjin sefa zuwa dirhami da tambayar inda ake sayar da abinci mai sauƙi. Kashi ɗaya cikin uku na karatun ke nan ya tafi, alhali an biya kuɗinsa.

Akwai kuma batun kayan kiɗan, wanda masu shirya tafiya ba su cika tunawa da shi ba. Fatar gurumi ko ta kalangu da aka ɗaure a busasshiyar iskar Arewa takan saki idan ta haɗu da laimar bakin teku, sauti ya dushe. Makaɗi na buƙatar 'yan kwanaki ya ga yadda fatar ke sauyawa da safe da yamma, ya san lokacin da zai ɗora ta a rana ko ya ƙara mata ɗauri. Essawira gari ne mai iska ƙwarai, har a watan Yuni dare kan yi sanyi. Mawaƙin da ya baro zafin Dosso da 'yar shara kawai, mura za ta kama masa murya tun kafin a ji ta.

Amma babban dalilin isa da wuri ya wuce wannan. Kiɗan Gnawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2019, ya samo tushe ne daga mutanen da aka kwasa daga kudancin Sahara zuwa Maroko a zamanin cinikin bayi. Gimbirinsu mai tsirkiya uku da fata a fuska ɗan uwan molo ne da garaya, kuma zaman dare da suke yi don warkarwa ba zai zama baƙo ga wanda ya tashi a Arewa ba, ƙasar da aka sani da bori. Malaman Boston za su koya masa rubuta kiɗa da haɗa sauti da wasu. Abin da ke tsakaninsa da ma'alam na Gnawa kuwa sai a unguwa, a shagon mai gyaran gimbiri, bayan an sha shayi an saba. Da bikin ya kankama, waɗannan mutane ba su da lokacin baƙo. Marigayi Malam Maman Barka, malami a cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, da ya tashi ceto kiɗan biram a 2002, tafiya ya yi yankin Tafkin Chadi ya zauna wurin Bukar Tar, gwanin ƙarshe da ya rage, har hannunsa ya faɗa.

Za a ce kowane ƙarin dare kuɗi ne, kuma gaskiya ne. Sai dai masauki ya fi araha kafin garin ya cika da 'yan kallo, kuma wanda ya riga isowa shi ke samun ɗakin haɗaka maimakon otel. A nan ne 'yan Nijar mazauna Maroko, musamman ɗaliban Rabat da Kasablanka da Marrakesh, ke da abin yi: tarbar baƙo a tasha, nuna masa bas ɗin da ya dace, koya masa gaisuwa da ciniki da Larabcin Darija. Faransancin makaranta zai kai shi wani wuri, amma a kasuwa Darija ke rage farashi.

Iyalan da ke haɗa kuɗin su sa kwana huɗu ko biyar na farko cikin lissafi tun daga gida, tare da ladan wanda zai riƙe gonar. Shi kuma matashin ya duba sharuɗɗan shiga ƙasar a ofishin jakadanci kafin ya sayi tikiti, domin suna sauyawa, ya kuma dawo a ranar da takardarsa ta nuna. Duk wanda ya ɓace bayan kwas, ƙanensa na Kiyeshe ko Tibiri da zai nemi gurbi baɗi shi zai sha tambayoyi.